Lambobin da ke jikin kayan gyaran mota: wacce zan kai kasuwa?

Wani ɗan'uwa mai Corolla ƙirar 2006 ya turo tambaya. Na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin motarsa, wadda kanikawa ke kira iyafulo, ta ba shi matsala. Da ya ciro ta sai ya ga rubutu kashi-kashi a bayanta: 22204-22010, a ƙasa 197400-2030, a gefe >PBT-GF30<, sai wasu 'yan haruffa da lambobi gajeru. Sau biyu yana zuwa kasuwa ana ba shi mai kama da tasa, a ɗaura, mota ta ci gaba da zuƙar mai tana shaƙewa. Yana so ya san wace lamba zai riƙe, kuma me sauran suke nufi.

Malam, sannu da ɗawainiya. Na haura shekara 20 tsakanin gareji da shagon kayan gyara, kuma abin da ya same ka yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin masu mota. Mu a kasuwarmu da laƙabi ake ciniki. Mutum zai shiga Kofar Ruwa ko Panteka ya ce a ba shi na Muscle, ko na Big Daddy, ko na EOD, duk laƙabobin motoci ne, mai shago ya ɗauko abu ya kara da tsohon, ya ce ai kai ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙera motar bai san waɗannan laƙabobi ba. Da lamba ya san kayansa, kuma kama da wane ba ta wane.

A kan abin da ke hannunka, suna biyu ne, sauran bayani ne. 22204-22010 lambar Toyota ce, ita za ka kai kasuwa. 197400-2030 lambar Denso ce, kamfanin da ya ƙera wa Toyota na'urar. Yawancin kayan da ke cikin mota ba mai motar ne ke yin su da hannunsa ba: Denso na yi wa Toyota kayan lantarki, Aisin na yin famfon ruwa da giyabos, Koito na yin fitilu, KYB na yin shakazoba. Shi ya sa kake ganin lamba biyu a kan abu ɗaya, kuma kowacce ka bi za ta kai ka gida. Shi kuwa >PBT-GF30< ba shi da alaƙa da dacewa da motarka. Sunan robar da aka zuba jikin na'urar ne, PBT da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin 100, an rubuta ne domin masu sake narkar da roba. Duk rubutun da ka gani tsakanin waɗannan baka biyu, ko >PP< ko >ABS< ko >PA66<, sunan roba ne. Na sha ganin an kwafo shi a takarda an kawo min a matsayin lambar kaya. Gajerun haruffan nan kuma na lokaci da rukunin ƙira ne, suna canzawa daga wannan na'ura zuwa waccan ko da iri ɗaya ne, don haka kada ka nemi su dace.

Bari na tsaya a kan Toyota, tunda ita ta cika titunanmu. Lambarta guda 10 ce, biyar da biyar. Biyar ɗin farko suna faɗa maka mene ne abin. 22204 iyafulo ne a kowace Toyota. 17801 matacin iska ne. 04465 takalmin birkin gaba, 04466 na baya. 27060 altineta, 28100 kik, 16400 lagireto, 16100 famfon ruwa, 89661 biren bos na injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Dama da hagu ma a nan ake raba su: 48510 shakazoban gaba na dama ne, 48520 na hagu, 81110 fitilar gaba ta dama, 81150 ta hagu. Dama da hagu ana ƙirga su ne kana zaune a cikin mota kana kallon gaba, ba kana tsaye a gaban bonet ba. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun yi sawu biyu.

Biyar ɗin ƙarshe su ke faɗin na wace mota ce, kuma a nan hatsarin yake. Biyun farko a cikinsu kan nuna dangin mota ko dangin injin. A kayan jiki da ƙafa, 12 Corolla ce ƙirar Japan, 02 Corolla ce da aka haɗa a wajen Japan. 33 Camry ce ta Japan, 06 Camry ta waje, irin wadda ake haɗawa a Kentucky ta Amurka. 60 Land Cruiser, 26 Hiace, 0K Hilux, 42 RAV4, 08 Sienna. A kayan injin kuma, 22 da 0D na dangin injin 1ZZ ne irin na motarka, 28 da 0H na 2AZ ne mai lita 2.4. To ka ga 22010 ɗinka ta riga ta gaya min dangin da aka fara yi wa wannan na'ura. Na ce "aka fara yi wa" da gangan, domin Toyota kan ɗauki abin da ta yi wa mota ɗaya ta sa a wasu goma ba tare da ta canza lamba ba. Wannan ƙa'ida tana ba ka haske ne, ba ta yanke hukunci.

Waɗanda suka fara da 90 kayan gama-gari ne da motoci da yawa ke tarayya a kansu: noti, oyil sil, fulogi, kwayil, matacin baƙin mai. Ɗauki kwayil. 90919-02239 na injin 1ZZ ne, 90919-02244 na 2AZ ne. Ka ajiye su a kan benci ɗaya, wanda bai saba ba zai rantse abu ɗaya ne. Ko ka ɗauki na'urorin da ke jikin salansa: 89465 mai auna iskar hayaƙi ce ta gargajiya, 89467 kuma mai auna cakuɗuwar iska da mai ce. Yawanci duk waya huɗu-huɗu ne, zarensu ɗaya, amma yaren da suke yi wa biren bos daban ne. Ka sa 89465 a gurbin 89467, fitilar cek, mai gargaɗin matsalar injin, za ta kama, mota ta koma shan mai, a yi ta wanke nozul ana canza fulogi a banza. Idan ka ga YZZ a rabi na biyu, kamar 90915-YZZE1, kada ka tsorata, layin kayan sabis ne na Toyota kanta. Idan kuma lambar ta zo da ƙarin harafi biyu a wutsiya, kamar -B0 ko -C0, launi ne, ana ganin su a madubi da hannun ƙofa da robobin ciki.

Ga misali da zai nuna maka illar laƙabi. Camry da muke kira Muscle, daga 2007 zuwa 2011, jiki ɗaya ne a ido. Amma 'yan Amurka masu silinda huɗu na 2007 zuwa 2009 injin 2AZ-FE ne mai lita 2.4, na 2010 da 2011 kuwa 2AR-FE ne mai lita 2.5. Na farkon matacin baƙin mansa gwangwani ne da ake murɗawa, na biyun takarda ce da ake zurawa cikin gida, 04152-YZZA1. Duka biyun Muscle ne a bakin kasuwa. A takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa ko a kundin kamfani, ɗaya ACV40 ce, ɗaya ASV40.

Honda kashi uku take yi, biyar da uku da uku, kamar 15400-PLM-A02 na matacin baƙin mai. Biyar na farko sunan abin: 45022 takalmin birkin gaba, 30520 kwayil, 37820 biren bos. Ukun tsakiya mota ko injin: SDA Accord ce ta 2003 zuwa 2007, wato EOD da ƙanwarta, TA0 Accord ta 2008 zuwa 2012, SNA Civic ta 2006 zuwa 2011, RAA injin K24 na cikin EOD. Ukun ƙarshe kasuwar da aka yi wa abin da kuma gyaran da aka yi masa, inda A a farko ke nuna Amurka.

Masu Golf da Sharan na haya, ku tsarinku ya fi kowanne daɗin karantawa: uku, uku, uku, sai harafi. 1H0 Golf 3 ce, 1J0 Golf 4, 1K0 Golf 5, 7M kuma Sharan. Harafi na uku in 0 ne, abin na kowa ne. In 1 ne, na mai sitiyari a hagu ne irin namu. In 2 ne, na mai sitiyari a dama ne irin na Ingila. Lambar farko a rukunin tsakiya tana faɗin ɓangaren mota: 1 injin, 3 giya, 4 ƙafar gaba da sitiyari, 5 ƙafar baya, 6 birki da taya, 8 jiki, 9 lantarki. Saboda haka 1J0 698 151 takalmin birkin gaba ne na dangin Golf 4. A kayan da ke zuwa biyu-biyu, lambar ƙarshe mara, irin 7, ta hagu ce, cika, irin 8, ta dama. Amma harafin wutsiya shi ne inda ake faɗawa rami. Wani lokaci gyara ne kawai aka yi wa tsohon abu, wani lokaci kuma abu ne daban gaba ɗaya. Iyafulo mai lamba 06A 906 461 yana da 'yan'uwa masu haruffa iri-iri, kowanne da injin da aka auna shi a kai. Duk wanda ya ce maka harafi ba komai ba ne, kada ka miƙa masa kuɗi.

Marsandi A ce a gaba sai lamba 10, ukun farko kan zama lambar jiki ko ta injin, kamar 203 na C-Class ko 271 na injinta. Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, tana da nata halin: tsohon tsarin oda huɗu ne da biyu, kamar 1109 da wutsiya na matacin baƙin mai, amma abin da za ka gani a zube a jikin kayan sau da yawa doguwar lamba ce mai farawa da 96, ta masana'anta. Masu 406 su riƙa ɗaukar hoton duka biyun in sun samu. A motocin Turai kuma za ka yawaita ganin lambar Bosch, guda 10 mai farawa da sifili: 0 280 218 iyafulo, 0 258 na'urar hayaƙi, 0 580 famfon mai, 0 445 110 nozul na ƙananan motocin dizil. A waɗannan, lambobin da suka biyo baya su ne ainihin bambancin.

Akwai kuma kayan da lambarsu awo ce, ba ruwanta da sunan mota, kuma wanda ya iya karanta su ya huta. Fulogin NGK mai lamba BKR6E-11: B kaurin zare milimita 14, K kan da sifana 16 ke kamawa, R yana da abin hana tartsatsin wuta damun na'urori, 6 matakin zafi, E tsawon zare milimita 19, 11 kuma tazarar baki milimita 1.1. A NGK da Denso, in lamba ta hau fulogi ya fi saurin zubar da zafi. 6 na NGK shi ne 20 na Denso, 5 shi ne 16. A Bosch lissafin a juye yake. Tsawon zare kuwa ba abin wasa ba ne, dogon fulogi a gurbin gajere yana iya taɓa fistin. Boris mai lamba 6203-2RS: biyun ƙarshe ramin ciki ne, 00 milimita 10, 01 12, 02 15, 03 17, daga 04 zuwa sama ka ninka da biyar. 2RS murfin roba ne gefe biyu, ZZ murfin ƙarfe. 6203 da 6303 raminsu ɗaya, amma faɗin na farko 40, na biyu 47. Fambel mai 6PK1880 layi shida ne, tsawonsa milimita 1880. Batir mai 55D23L tsawonsa kusan santimita 23 ne, L ko R kuma ɓangaren da kawunan suke, wanda in ka kuskure waya ba za ta kai ba. A taya, lamba huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta mako ne da shekara: 2319 mako na 23 ne a 2019. Tayar Baljiyam mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa tukuf, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta sassauta wa tsohuwar roba.

Wata alama ɗaya nake so ka sani ko da ba lambar kaya ba ce. A gilashin fitilar gaba akwai E da lamba cikin da'ira, ƙasar da ta amince da fitilar ke nan: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Birtaniya. Kusa da ita, in ka ga kibiya mai kai ɗaya, an yi fitilar ne domin ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu na titi. Najeriya ta koma hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, Nijar ma dama take bi. Irin wannan fitila tana ɗaga haskenta ne zuwa idon mai tahowa, ta bar gefen titinka cikin duhu, inda masu tafiya a ƙasa da dabbobi suke. Wannan maganar rai ce, ba ta kuɗi kawai ba.

To ta ina ake farawa in tsohon abin ya goge, ko kana zargin ba shi ne ya zo da motar ba? Daga lambar shasi, mai harafi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma ginshiƙin ƙofa. Babu I, babu O, babu Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi kama da O sifili ne. Farkonta ke faɗin inda aka haɗa motar: JT Toyota ta Japan, 2T1 Kanada, 1NX da 4T1 Amurka, SB1 Ingila, NMT Turkiyya, 1HG Honda ta Amurka, JHM ta Japan, VF3 Fijo. A motocin Amurka da Kanada harafi na 10 shekara ce: 6 na 2006, A na 2010, B na 2011. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin Corolla 2006 ta Turai da ta Amurka ba jiki ɗaya ba ne, sau da yawa ba injin ɗaya ba ne. Ka zuba lambar shasin a shafukan kundin kaya irin Partsouq, za su fito maka da zanen motarka da lambar kowane abu, har da sabuwar lambar da ta gaji tsohuwa. Kamfanoni kan yi ritayar lamba su maye ta da wata, saboda haka bambancin lamba ba kullum yake nufin kuskure ba. Amma kundi ne zai tabbatar maka da gadon, ba bakin mai sayarwa ba.

Sai dai a nan ƙasar shasi ma tana iya yaudararka. Motoci da yawa an sauke musu injin an ɗora na Baljiyam, wasu an juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu. Shasi za ta gaya maka yadda motar ta fito daga masana'anta, ba yadda take yau ba. Saboda haka a kayan injin, ka sa bakanike ya goge jikin bulok inda yake haɗuwa da giyabos ya karanto maka sunan injin da aka buga a ƙarfe.

Na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya an kawo min wata Camry da ruwa ya shiga biren bos ɗinta. Na aika wa wani abokin ciniki a Legas lambar ta waya, da baki. Ya turo wanda biyar ɗin farko da ukun da ke binsu duk sun dace, biyun ƙarshe ne suka bambanta, ya ce min ba matsala. Muka ɗaura, aka haɗa makulli, mota ta tashi. Kwana uku mai motar ya dawo, giya na dukan ƙasa duk sanda za ta canza, cek a kunne. Mako biyu muna bin waya ɗaya bayan ɗaya, har muka sauke kaskon man giya, mai motar kuwa da ita yake kai yaransa makaranta, kullum sai ya leƙo da yamma ya tsaya a bakin gareji bai ce komai ba. Ranar da na ajiye tsohon da sabon gefe da gefe a rana, na bi lambobin da yatsa ɗaya-ɗaya, sai jikina ya yi sanyi. Na biya na biyu daga aljihuna. Tun daga ranar, a biren bos da famfon birkin ABS da mitar gaban direba, ba na karɓar komai sai lamba ta dace tun daga farko har ƙarshe, ko kundi ya nuna min gado. Kuma ba na ƙara karanta lamba ta waya, domin B da 8, S da 5, duk suna rikiɗewa a kunne da ido. Hoto nake turawa.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani: lamba tana gaya maka abin da kaya ya ce shi ne, ba ta rantse maka cewa shi ɗin ne. Masu jabu sun fi kowa iya buga lamba, kuma 22204-22010 tana cikin waɗanda suka fi kwaikwaya, saboda motocin da ke amfani da ita suna da yawa. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin biyun da ka saya irin wannan ce. Rubutun na ainihi siriri ne, a daidaice, ba ya gogewa da yatsa. Robarsa ba ta da ƙaiƙayi a gefe. Zoben robar da ke toshe iska yana zama daram. Sabo fil cikin kwali a kan kuɗin da bai kai rabin na Baljiyam ba, ka san akwai magana. A kayan lantarki irin wannan, ni na fi natsuwa da falo-kam, wato na ainihi da aka ciro daga mota, mai lambar Toyota da ta Denso duka a jiki, a kan sabon da ban san asalinsa ba.

Kafin ka koma kasuwa karo na uku, ina roƙonka ka tabbatar tsohuwar taka ta mutu da gaske. A cikinta wasu siraran wayoyi ne da iska ke bi ta kansu, kuma ƙurar hunturu na lulluɓe su, musamman in matacin iska ya yage ko murfinsa bai rufu ba. A fesa musu maganin wanke kayan lantarki, a bar su su bushe, kada a taɓa su da tsinke ko tsumma. A duba robar da ta taso daga iyafulo zuwa injin, a lanƙwasa ta a ga ko ta tsage a ƙasa inda ido ba ya kai wa, domin tsagar nan tana kawo lambar matsala P0171 a kwamfuta, kuma sau da yawa iyafulo ake ɗora wa laifin. In duk an yi wannan ba ta canza ba, ka goge bayan na'urar, ka haska fitilar waya daga gefe yadda rubutun zai fito, ka ɗauki hotonta da na lambar shasi. Ka tafi da tsohuwar a aljihu, ka karanta lamba 10 ɗin nan da idonka a kan wadda za a ba ka, sannan ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in an gwada ba ta yi ba za ka dawo masa da ita. Allah ya sa a dace.